Yadda Za Ka Tono Tarihin Garinku Daga Sunayen Gonaki da Tsofaffin Rumada

Akwai wata gona gabas da garinmu da kowa ke kira Gandun Sarki. Na yi kiwon awaki a gefenta ina yaro, na sha raken fadamarta, na wuce ta a kan keke ba adadi lokacin da nake koyarwa a firamaren ƙauyen da ke gaba. Amma ban taɓa tambayar kowa ko wane sarki ne ba, balle su wa suka nome masa ita. Sai bayan na yi ritaya na koma Kaduna da zama, a Unguwar Dosa, aka aiko mini da rasuwar wani dattijo maƙwabcin gidanmu. A wurin zaman makoki na ji limaminmu yana ce wa na kusa da shi, yau an binne labarin Rinji. Rinji shi ne tsohon ƙauyen bayi na garinmu. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tun daga lokacin na shiga aikin tono tarihin garinmu, yau shekara shida ke nan, kuma hanyar da na bi ce zan shimfiɗa a nan, don mai gari irin namu ya rage wa kansa wahala. Garin ƙarami ne, arewa da Zariya, ƙasar rake da barkono. Ba zan faɗi sunansa ba, za ka ga dalili a gaba.

Yawancinmu in aka ce tarihin gari, jerin sarakuna muke nufi, wane ya haifi wane, wane ya shekara kaza a kan karaga. Jerin nan yana da amfani, kuma bai cika ɓacewa ba, don maroƙa da 'yan fada suna riƙe da shi. Abin da ke salwanta shi ne labarin ƙasar kanta: wa ya sare dajin, wa ya riƙe garma, me aka shuka, ina amfanin ya tafi. Shi ya sa nake cewa ka fara daga gona, fada ta biyo baya.

Kafin ka fita, ka san abin da kake nema. A ƙarni na 19, bayan Malam Musa ya karɓi birnin Zazzau daga hannun Sarki Makau, manyan masu sarauta da attajirai da wasu malamai sun mallaki ƙauyukan noma inda suke zaunar da bayinsu. Irin wannan ƙauye shi ne rinji, jam'insa rumada. Babbar gonar ubangida ita ce gandu, mai lura da aikinta sarkin gandu, wanda sau da yawa shi ma bawa ne. Ana yanka wa bawa 'yar gonarsa ta kansa, gayauna, wadda yake nomawa in an tashi daga gandu. Ɗan da aka haifa cikin bauta, a Zazzau dimajo ake ce masa, Kanawa su ce bacucane. Wani rinjin na mutum ne, 'ya'yansa su gada. Wani kuma na rawani ne, duk wanda aka naɗa shi ke cin amfaninsa. Wannan bambanci zai yi maka rana, don sarautar Zazzau tana yawo ne tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma sabon sarki kan sauke mutanen gidan da ya gabata ya ɗora nasa, wani lokaci har a ƙwace dukiya. Saboda haka in tsoho ɗaya ya ce maka rinjin na Barebari ne, wani ya rantse na Mallawa ne, kada ka yi saurin ƙaryata kowa. Mai yiwuwa kowannensu zamaninsa yake faɗa.

Aikin farko ba ya cin ko kwabo sai kuɗin littafin rubutu. Sayi mai kauri, mai bango, ba fallen takarda ba. Nemi mutum biyu ko uku da suka tsufa a noma, ko tsohon maharbi, ko Bafulatanin da ya daɗe yana kiwo a karkarar. Ka ce su lissafa maka sunayen gonaki da fadamu da tuddai da rafuka, su fara daga ƙofar gabas su kewayo gari. Kada ka tambayi ma'anar komai tukuna, sunaye kawai. Ni a yammaci uku na cika shafi huɗu. In ka gama, ja layi ƙarƙashin duk sunan da ke ɗauke da Gandu, Rinji, Kufai, Tunga ko Gidan Wane, sannan ka lura musamman da sunayen sarautun birni, irin su Madaki, Galadima, Wambai, Dallatu, Iya, Magajin Gari. In ka ga gona a ƙauyenku tana amsa sunan sarautar da garinku bai taɓa yi ba, to akwai alamar wani babba a Zariya ya taɓa riƙe wurin. Kafin Turawa su yanka gundumomi su tura hakimai su zauna a cikinsu, masu sarautar a birni suke zaune, ƙauyukansu a warwatse nan da can, jakadu ke kai-komo tsakani.

Da littafin nan a hannu, sai fada. Ko a garin aka binne cibiyarka, kada ka shiga gonar kowa da takarda da biro ba da sanin dagaci ba. Na je da goro, na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in rubuta labarin garin nan don yaranmu." Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Malam, ba dai maganar fili ba ce?" Wannan tambayar za ka ji ta a bakin kusan kowa. Mutanen ƙauye sun ga yadda baƙo kan zo da tambayoyi yau, gobe a wayi gari an kafa turaku a gona. Ka faɗa da bakinka, a gaban jama'a, cewa littafinka ba na kotu ba ne, ba za ka ba kowa shi don shari'ar gado ko iyaka ba, kuma ka cika alkawarin. Kada ka ɗauki tef na awo. Ka roƙi dagaci ya haɗa ka da mutum ɗaya da zai riƙa raka ka, wanda kowane ɓangare na gari ke ganin girmansa.

Lokacin taka ƙasa shi ne bayan an kwashe amfani, daga Disamba zuwa Maris, kafin sharar gona. Da damina dawa da masara sun rufe komai. Sannan a halin da muke ciki yanzu, ka tambayi mutanen gari wane daji ake shiga, wane ba a shiga. In suka ce kada ka wuce rafi kaza, kada ka wuce. Ka fita da sassafe, ka dawo kafin azahar.

Ranar da na fara zuwa Rinji, wani tsohon maharbi ne ya kai ni. Ni dai gona na gani, karan dawa a zube, ba komai. Shi kuwa ya tsaya ya nuna mini da sandarsa, ya ce, "Malam, ƙirga kukokin nan." Bakwai ne, a kusa da juna, sun yi kamar da'ira. Ya ce kuka ba ta taruwa haka a daji sai inda mutane suka zauna suna miya. Ya sa ƙafa ya ture ƙasa, sai ga tsingaro, wani da zanen igiya a bakinsa. Ya ja ni gindin wata tsamiya ya nuna mini dutsen niƙa a kife. Muka juya shi da ƙyar. Tsakiyarsa ta lotsa har tafin hannuna ya shige ciki duka. Na daɗe a tsugune ina tunanin hannu nawa, shekara nawa, kafin dutse ya ci haka. Daga nan idona ya buɗe. Ƙasar da ta fi ta kewaye duhu da laushi, tsohon juji ne. Tudun da ya miƙe ya yi kwana, rusasshiyar katanga ce. Ramin da ya lotsa a tsakiyar gona, manomi na kauce masa, rijiya ce ta rufta. Ramuka jere da ƙasa mai toka-toka a bakinsu, marina ce. In ka ga wurin da ba a nomawa ko kaɗan alhali ƙasar mai kyau ce, tambaya a hankali, sau da yawa maƙabarta ce. Ɗauki hoto, ka sa biro ko takalminka a gefe don a gane girman abin, ka ɗiga wurin a taswirar Google ta wayarka, ka kuma zana da hannu a littafi. Kada ka kwashi komai ka kai gida. Dutsen nan mun mayar da shi yadda muka same shi.

Yanzu ga wurin da aikin yake da nauyi, kuma inda na fi so ka saurare ni.

Mutanen da suka nome gandun nan ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Jikokinsu suna nan, wasu a sahun gaba a masallaci, wasu 'yan kasuwa a Kaduna da Abuja, wasu surukanka ne. Maganar asali har gobe tana iya fasa aure a ƙasar nan. Ni na san haka, amma ɗoki ya ja ni. Na je wurin wani dattijo wanda kowa ke raɗa cewa gidansu daga Rinji suka taso, bayan gaisuwa na ce, "Baba, an ce kakanninku ne suka zauna a can?" Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya yi mini hirar tsadar taki, ya yi mini hirar ciwon gwiwa, ya raka ni har ƙofar zaure. Shekara biyu bai sake yarda mun zauna ba. Na ɓata wa bawan Allah rai a cikin gidansa, kuma har yau abin yana damuna.

Tambayi aiki, kada ka tambayi mutum. "Baba, yaya ake noman gandu a da?" "Wane lokaci ake fita?" "Wa ke kai abinci?" "Ina ake kai hatsin?" "Da aka daina, ina mutanen suka nufa?" Wanda yake so ya saka kansa a cikin labarin zai saka da kansa, wata rana, in ya ga bakinka yana da linzami. Wanda bai so ba, ya ba ka ilminsa ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. Kada ka haɗa tsofaffi biyu daga gidaje daban a zama ɗaya, don ƙaramin zai bi bakin babban ne kawai. Kada ka kai wa wani abin da wani ya faɗa maka. Kuma ka koyi yin shiru. In tsoho ya tsaya yana kallon ƙasa, kada ka cike masa gurbin da wata tambaya, sau da yawa abin da zai biyo bayan shirun shi ne abin da ka zo nema.

Kada ka tsaya a zaure. Rabin labarin yana cikin gida. Mata ne suka riƙe wa ya auri wa, daga ina aka kawo kakar wane, wace irin tsaga ce a fuskarta, wace miya ce take yi da ba a san ta a gari ba, da waƙoƙin niƙa da na daka. Inda ba za ka iya shiga ba, tura matarka ko 'yarka ko ƙanwarka, ka rubuta mata tambaya uku kacal. Ni gwaggona ce ta buɗe mini ƙofa. Na ce, "Gwaggo, me kakarku take faɗa muku game da Gandun Sarki?" Ta ce kakarsu ta ce da hantsi ake fita, ana kiɗa musu ganga, da rana a kai tuwo a manyan akusa, in azahar ta yi a tashi, kowa ya nufi gayaunarsa. Daga baya na tarar da kusan wannan tsari a labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Littafin ya cancanci karantawa, amma ka tuna gidan su Baba su ne masu rinjin. Gwaggona ma haka.

Nan ne za ka ga labari ya rabu biyu. Gidan iyayen giji za su ce maka kamar 'ya'ya aka riƙe su, ana yi musu aure, ana raɗa wa 'ya'yansu suna. Ɗaya gidan, in sun yarda da kai, za ka ji maganar mari a ƙafa, da bulala, da uwar da aka kai kasuwa aka bar ɗanta. Rubuta duka biyun, kowane da bakin mai shi, kada ka narkar da su su zama labari ɗaya mai daɗin ji. Kuma kada ka ɓoye inda aka samo mutanen. Da yawansu a hare-hare aka kamo su daga kudancin ƙasar Zazzau, daga cikin Gbagyi da Adara da maƙwabtansu, wasu ma a tura su Sakkwato cikin gaisuwar shekara. Ina zaune a Kaduna, jikokin waɗannan al'ummu maƙwabtana ne, tare muka yi aikin koyarwa. Su ba su manta ba. Tarihin da ya tsallake wannan babi ba zai sa su manta ba, sai dai ya sa su daina yarda da sauran abin da muka rubuta.

Game da ɗaukar murya, nemi izini kowane zama. Rufe layin wayar don kada kira ya katse, ka fara da faɗin rana da wuri. A daren nan ka kwafe muryar zuwa wuri biyu, kwamfuta da katin ajiya. An taɓa zare mini waya a tashar mota da hira huɗu a ciki, biyu daga masu hirar sun rasu kafin in koma. Rubuta abin da aka faɗa tun yana da ɗumi a kunnenka, kuma yadda aka faɗe shi. In tsohuwa ta ce "yarinyan nan" ko "galma", bar shi haka, kada ka gyara mata Zazzaganci ya koma Kananci, don harshen ma tarihi ne. Ka riƙa zuwa da goro ko sukari ko sabulu, irin abin da ɗa ke kai wa iyaye. Amma kada ka sa wa labari farashi. Labarin da ake biya, tsawo yake ƙarawa.

Tsoho ba zai ba ka shekara da lamba ba, kuma in ya ce maka shekararsa ɗari da goma kada ka yi gardama, kada kuma ka rubuta. Yi wa kanka tsani a bangon littafinka. Turawa sun shiga Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau. Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, Dalhatu zuwa 1924, sai Ibrahim, sai Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu zuwa 1975, Shehu Idris zuwa 2020. A tsakani ka saka abubuwan da ba a mantawa: isar jirgin ƙasa Kano ta Zariya a 1911, babbar yunwa ta 1914, annobar mura ta 1918, yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, kisan Sardauna a 1966, komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, shigowar naira a 1973. Sai ka riƙa tambaya, kafin kaza ne ko bayansa? Gwaggona ta ce an kai ta ɗaki shekarar da aka yi wa Sarauniya hawan daba. To 1956 ke nan, haihuwarta ta faɗo farkon shekarun 1940, kakar da ta ba ta labari kuwa za ta iya kasancewa budurwa lokacin da Turawa suka zo. Ka ga baki ɗaya ne kawai tsakanina da wadda ta ga gandu da idonta. Masu irin wannan kusanci kullum raguwa suke, don haka in za ka zaɓa tsakanin zuwa ɗakin karatu da zuwa wurin tsohuwa, fara da tsohuwa. Takarda za ta jira ka.

In ka tara abin baki, sai takarda, kuma mu mutanen Kaduna Allah ya kawo mana ita har gida. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon, a can aka tara fayilolin mulkin Turawa na Arewa. Je da katin shaida da takardar gabatarwa, ka yi rajista, ka nemi jerin fayilolin Lardin Zazzau, waɗanda ke da alamar ZARPROF, da na sakatariyar Arewa masu alamar SNP. Abin da ya fi yi maka amfani shi ne rahoton ƙiyasin haraji na gundumarku. Di'o, wato jami'in Turawa mai kula da gundumomi, kan zaga gunduma ƙauye-ƙauye, ya rubuta tarihinta a taƙaice, yawan mutane, amfanin gona, sana'o'i, kasuwanni, wani lokaci da taswira. Nemi kuma takardun naɗa hakimai da sauke su, da na rikicin iyaka, da jerin bayin da aka 'yanta a kotunan alƙalai. Ka saba da rubutun Bature: kuɗi ya rubuta "kurdi", gida "gidda", unguwa "ungwa", "c" ta zama "ch". In ba ka ga sunan garinku ba, gwada shi ta fuska uku ko huɗu, ka kuma duba gundumar da ke maƙwabtaka, don an sha sauya iyakoki. Takardun sun tsufa, suna karyewa kamar busasshen ganye. Juya su a hankali, ka rubuta lambar kowane fayil kafin ka rubuta komai daga cikinsa.

Kada ka ɗauki rahoton Di'o kamar saukakke. Haraji ya kai shi, da tafinta yake magana, mutanen hakimi ne ke tsaye a bayansa. Talaka yana rage yawan iyalinsa da awakinsa, dagaci yana ƙara wa gidansu daɗewa. Duk da haka, jimla ɗaya a ciki tana iya warware maka kullin shekara guda. Za ka ci karo da "kurdin galma", harajin da Zazzau ke karɓa bisa yawan garmar da ke aiki a gida, wanda shi kansa yana nuna maka cewa a wancan zamani hannun da ke noma ne dukiya, ƙasa kuwa tana nan a yalwace.

Daga nan ka wuce Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, da jaridu, da kundayen digiri. In ka sami dama ka leƙa Sashen Tarihi na jami'ar a Samaru, don ɗalibai sun daɗe suna rubuta tarihin gundumominsu, wasu sun yi hira da tsofaffi tun shekarun 1970, mutanen da kai ba za ka taɓa riska ba. A wancan lokacin ne ma wani masani, Jan Hogendorn, ya yi nazarin rumada biyu na kusa da Zariya, Hanwa da Biye, aka buga a 1977. Hanwa yau gari ya cinye ta, wanda ke nuna maka abin da ke jiran gonakin da ke bakin kowane gari mai girma.

Kada ka raina takardun cikin gida. A gafakar wani malami, tsakanin shafukan wani littafin fiƙihu, na ga wasiƙar ajami kan rabon gado da ta ambaci gandu. Tsofaffin rasit na haraji ma suna da amfani. Ɗauki hoto a inuwa, gaba da baya, ka mayar wa mai ita a take. Kada ka liƙa mata salatif, kada ka kai a rufe ta da leda mai zafi.

Tambayar da za ta haɗa maka baki da takarda ita ce, yaushe rinjin ya watse, kuma ta yaya? Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. An bar su su fanshi kansu a gaban alƙali, da yawa ta hanyar murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu. Sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya a Arewa. Shekara talatin da biyar ke nan ana warwarewa a hankali, kuma kowane rinji da yadda ya ƙare. Wasu sun gudu gida tun farkon zuwan Turawa. Wasu sun bi aikin layin dogo, ko haƙar kuza a Jos, ko sabon garin Kaduna da ya zama hedikwata a 1917. Wasu sun zauna, gayaunarsu ta zama gonarsu, suka shiga noman auduga suna kai wa kamfanin BCGA mai injin gurza a Zariya. A namu, bakin mutum uku da ba su san na yi magana da sauran ba ya haɗu a kan cewa rijiyar ce ta ƙafe a shekarar yunwa, aka taso aka raɓu da gari ta yamma. Abin da baki uku masu zaman kansu suka haɗu a kai, ko baki ɗaya da takarda, shi nake rubutawa kai tsaye. Sauran in ce "an ce", in faɗi daga wane ɓangare aka ce.

Wajen rubutawa, raba littafi biyu. Na farko na jama'a ne: wurare, aiki, amfanin gona, sarautu, shekaru, yadda aka zauna da yadda aka tashi. Sunan mai sarautar da ya mallaki rinji yana iya shiga, don a bainar jama'a ya yi mulkinsa. Amma babu sunan gidan da aka ce zuriyar bayi ne, babu kwatancen da zai sa a gane shi, sai in su da kansu suka ce a saka, manyansu da matasansu. Littafi na biyu, mai sunaye da muryoyi, a kulle yake, kuma ka rubuta a bangonsa wa zai gaje shi da sharaɗin buɗe shi. Kada ka yanko wani yanki mai zafi ka jefa a Facebook ko WhatsApp don a yaba maka, rabin sa'a ya isa ya isa wayar surukin wani.

Kafin ka kai wa mai buga littafi, koma ka karanta wa kowane mai magana abin da ka rubuta daga bakinsa, a zaurensa, shi kaɗai. Abin da ya ce a cire, cire. Dattijon nan da na ɓata wa rai, bayan shekara biyu ya ji yadda nake yi da sauran, ya aiko jikansa ya kira ni. Muka zauna sau biyar. Da na karanta masa nasa, ya sa na cire sunan kakarsa, ya bar sunan dutsen da aka kamo ta a gindinsa, ya kuma gyara mini wuri ɗaya: na rubuta kukoki bakwai, ya ce tara ne, biyu sun faɗi zamanin Sarki Ja'afaru. Na buga kwafi ashirin a wani shagon buga takardu a Kaduna. Ɗaya na fada, ɗaya na liman, biyu na makarantar sakandaren garin, ɗaya-ɗaya ga duk gidan da ya ba ni labari. In an kwashe dawa bana, shi da jikansa za su kai ni su nuna mini gurbin kukokin biyu.